Ruwa Ya Janye, Firgita Ba Ta Janye Ba: Gargaɗi Ga Iyayen Ƙonni, Malbaza Da Illela

Akwai wata magana da manya ke saurin faɗi duk sa'ad da masifa ta auka wa gida: "Yaro ne, zai manta." Ana faɗinta a Tajaye da Badagishiri, ana faɗinta a Galmi da Dogarawa, ana faɗinta a Tsarnawa da cikin Birnin Ƙonni. Mai faɗinta ba sharri yake nufi ba. So yake ya sauke nauyi ɗaya cikin nauye-nauyen da suka taru masa a ka. Amma maganar ƙarya ce, kuma tana yi wa 'ya'yanmu mummunar ɓarna. Yaron da ya ga ɗaki ya rufta wa ƙanwarsa cikin dare, da yarinyar da ta ga ƙorama ta tafi da ƙawarta a hanyar gona, ba su manta ba. Shiru suka yi, domin ba su san yadda za su faɗi abin da ke cinsu ba, kuma ba wanda ya tambaye su.

Wannan ciwo na firgita yaɗuwa yake yi, domin abin da ke haifar da shi ƙaruwa yake yi. A daminar 2020 kogin Isa ya tumbatsa a Yamai, ya fasa shinge, ya shiga unguwanni. A 2022 ambaliya ta kashe kusan mutum 200 a faɗin ƙasa. A 2024 hukumomi suka ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu, da fiye da miliyan ɗaya da rabi da abin ya shafa. Jihar Tawa na cikin waɗanda suka ji jiki, tare da Maraɗi da Damagaram, inda tsohon masallacin birni ya rushe a farkon watan Satumba. Har sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa da yawa sun faɗi, wasu kuma cike suke da iyalan da suka rasa matsuguni. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka duk adadin da aka faɗa na waɗanda ruwa ya kora daga gidajensu, mu sani kusan rabinsa yara ne.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin ruwa ba ne. Tudun Adar dutse ne da tsakuwa, ba ya riƙe abin da sama ta zubo. In an yi mamako, ruwan gangarowa yake yi lokaci ɗaya: wani ya bi kwarin Badagishiri, wani ya bi Maggiya, ya cika madatsun Mozage da Zango, ya tsallaka iyaka ya nufi tafkin Kalmalo. Shi ne arzikinmu, shi ke shayar da albasar Galmi da gonakin rani na Ƙonni. Amma busasshiyar ƙorama da yara ke wasa cikinta da hantsi tana iya cika maƙil da la'asar, ko da ɗigo ɗaya bai sauka a garin ba. Gidajenmu kuma na laka ne, sau da yawa cikin dare suke faɗuwa, lokacin da yara ke tsakiyar barci. In gari ya waye kwamiti ya zo da takarda: ɗakuna nawa suka rushe, rumbuna nawa, bisashe nawa suka mutu, gonaki nawa yashi ya binne. A kawo hatsi da tabarmi da gidan sauro. Duk wannan wajibi ne, Allah ya saka wa masu yi. Abin da ba ya shiga takardar shi ne yara nawa suka daina barci.

Kowane magini ya san katangar da ta sha ruwa. Tana nan tsaye, ba a ganin komai a jikinta, mai gida ya ce ta tsira. Sai bayan kwanaki, rana tsaka, ba hadari ba iska, ta zube. Haka zuciyar yaron da ya firgita take: yana cin tuwo, yana zuwa aike, amma daga ciki gindinsa ya jiƙe.

Ga yadda abin ke faruwa. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da shirin tsira: in haɗari ya taso, ƙwaƙwalwa na ba da umarni, wasu sinadarai su kwarara cikin jini, zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya shirya gudu. In haɗarin ya wuce, komai ya koma daidai. Amma in tsoron ya fi ƙarfin mai shi, shirin nan na iya ƙin kwantawa. Ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ɗaukar cewa daren nan bai ƙare ba. Rugugin tsawa, ƙarar ruwa bisa kwano, iskar da ke gaban hadari, har ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, kowane ɗaya na iya mayar da yaro cikin abin da ya gani kamar yanzu yake faruwa. Babba na iya lallashin kansa, ya ce wancan daban, wannan daban. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ginuwa ba, ba ta kai ga wannan ba. Shi ya sa hadarin da ke faranta ran manomi yake sa ɗansa makyarkyata a ƙarƙashin gado. Likitocin duniya sun sa wannan ciwo cikin littattafansu tun 1980, kuma sun tabbatar yana kama yara kamar yadda yake kama sojan da ya dawo daga yaƙi.

Alamominsa sukan bi shekarun yaro. Ƙaramin da bai kai shekara biyar ba zai manne wa uwarsa, ko bayan gida za ta shiga sai ya bi ta da kuka. Wanda ya daina fitsarin kwance zai koma yi. Wanda ya fara magana zai iya yin shiru. Zai farka cikin dare da kururuwa, idonsa buɗe amma bai gane kowa ba. Ɗan makaranta zai riƙa kukan ciwon ciki da ciwon kai, a auna shi ba a ga komai ba. Karatun da ya riƙe zai zube, hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. Za ka gan shi yana gina ɗaki da laka yana rushewa, ya sake ginawa ya sake rushewa, ba dariya a fuskarsa. Wani zai ƙi bin hanyar da abin ya faru ko da za a yanka shi. Wani kuma, a ɓoye, yana ganin laifinsa ne: da bai yi barci ba, da ya riƙe hannun ƙanensa da kyau. Saurayi da budurwa kuwa abin kan fito musu da fushi, ko ƙin shiga mutane, ko shiga haɗari da gangan, ko maganar cewa rayuwa ba ta da amfani. Yawancin yara, in sun samu kulawa, alamomin kan ragu cikin makonni. Waɗanda suka fi shiga haɗarin abin ya zauna musu su ne wanda ya ga mutuwa da idonsa, wanda gini ya danne, wanda ya rasa uwa ko uba, wanda aka raba da iyayensa a daren, da wanda masifar ta maimaita masa damina bayan damina.

Kada wani ya ce lokaci kaɗai zai warkar. A ranar 21 ga Oktoba 1966, a ƙauyen Aberfan na ƙasar Birtaniya, tarin ƙasar ma'adinin kwal da ruwan sama ya jiƙa ya zame ya rufe makarantar firamare. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara. Bayan shekara 33 masu bincike suka koma wurin waɗanda suka tsira suna yara, suka tarar kusan uku cikin kowane goma har lokacin suna fama da ciwon, alhali sun zama manya. A Armeniya, bayan girgizar ƙasar 7 ga Disamba 1988 da ta kashe mutane kimanin 25,000, an ga cewa yaran da suka fi kusa da tsakiyar ɓarnar su suka fi shan wahala bayan shekara ɗaya da rabi. An kuma ga wani abu da ya kamata mu riƙe: matasan da aka zauna da su a makaranta ana taimaka musu sun samu sauƙi, waɗanda aka bari kuwa nasu ya ƙaru. Ciwon yana da magani, kuma sakaci yana ƙara shi.

To mu me muke yi? A nan gargaɗin ya fi zafi, domin sau da yawa hannun da ya kamata ya rarrasa shi ke ƙara ciwo. Yaro ya yi fitsarin kwance bayan ambaliya, sai a ɗauko bulala, ko a tara masa yaran unguwa su bi shi da tafi suna kiransa amalala. Ya yi kuka don ya ji tsawa, sai a daka masa wata tsawar, a ce namiji ba ya kuka. Karatunsa ya ja baya, mushe, wato malamin boko, ya ce ya zama daƙiƙi, malam ya ce ya zama malalaci, kowa ya sa dorina. Ku sani, duk dukan da aka yi wa yaron da ke cikin firgita, ana tabbatar masa ne cewa babu inda zai fake, har a gaban iyayensa.

Muna kuma yi musu ƙarya. Uba ya rasu cikin ruwa, a ce wa ɗan shekara shida ya tafi ci-rani. Yaron ya yi ta tsayuwa bakin hanya yana jiran mota, har ranar da wani yaro zai faɗa masa gaskiya wurin wasa. Daga ranar ya rasa uba, ya kuma rasa yarda da waɗanda suka rage. Masu ta'aziyya su cika gida kwana uku, kowa ya gaida manya, ba wanda ya durƙusa ya yi wa maraya gaisuwa. A gabansa ake maimaita yadda aka tono gawa, a gabansa ake buɗe bidiyon WhatsApp na ambaliyar wani gari, ana miƙa waya hannu zuwa hannu.

Wasu, saboda talaucin da ruwa ya jefa su, sai su rarraba 'ya'ya: wannan a kai shi riƙo wurin gwaggo a wani gari, wancan a tura shi almajirci, budurwar kuma a gaggauta aurar da ita don a rage baki. A ƙasar da yawancin 'yan mata ke aure kafin shekara 18, masifa na ƙara tura ƙanana ɗakin miji da rauninsu a zuciya. Na san halin da ke sa haka, ban raina shi ba. Amma raba yaro da uwarsa a makonnin farko bayan masifa na cikin abubuwan da suka fi zurfafa ciwon. Da an cire amfanin gona maza su kama hanyar ci-rani kamar yadda Adarawa suka saba, a bar uwa ita kaɗai, ita ma da tata firgitar, ba ta da mai jin kukanta. Yaro kuwa a fuskar uwarsa yake karanta ko duniya ta zauna lafiya.

Sai batun iska. Yarinya ta riƙa zabura cikin dare, ko ta faɗi a aji, nan take a ce aljanu ne suka shafe ta a bakin ƙorama. Addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne, suna kwantar da zuciya, babu musulmin da zai hana. Amma ɗaure yaro, da dukansa da sunan ana dukan aljani, da turara masa hayaƙin barkono, zalunci ne, kuma sabuwar masifa ce bisa tsohuwa. Duk wanda ya ɗora wa ɗanku bulala da sunan magani, ku ɗauke ɗanku ku fita. Haka nan masu tallar ƙwayoyi a kasuwa: kada a sayi maganin barci a ɗura wa yaro don a samu sakat da dare.

Masu cewa haƙuri da tawakkali sun hana a nuna baƙin ciki, su koma ga tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Yakan taƙaita salla in ya ji kukan jariri, don tausayin uwar. Da ɗan tsuntsun da wani ƙaramin yaro, Abu Umair, ke wasa da shi ya mutu, ya lura da damuwar yaron, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Wanda ya kula da baƙin cikin yaro a kan tsuntsu, me zai ce da mu da muke share baƙin cikin yaro a kan uwarsa? Alkunya da kara da dauriya kyawawan ɗabi'unmu ne, amma ba a yi su don su zama ƙyauren da zai rufe yaro shi kaɗai da tsoronsa ba. In alkunya ta hana uwa jawo ɗan farinta jiki, to kaka tana nan, inna tana nan, kawu yana nan. Ɗa na kowa ne.

In muka yi sakaci, ga abin da ke jiranmu. Yaron da ba ya barci ba ya karatu. Wanda ba ya karatu zai bar makaranta. Saurayin da tsoro da fushi suka cika ƙirjinsa zai nemi abin da zai kashe masa su, kuma tramol da sauran ƙwayoyi ba su da wuyar samu a garuruwan bakin iyaka irin namu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai sayar da ƙwaya, da mai neman yaran da zai ja cikin ɓarna, duk irin wannan tsagar suke nema. Yarinyar da aka aurar da firgitarta za ta yi reno da ita. Haka ciwon ke tsallakawa daga iyaye zuwa 'ya'ya, a wayi gari ana cewa yaran zamani sun lalace, an manta daren da aka bar su su kaɗai.

Abin yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da jagorar taimakon farko ga wanda ya firgita, kuma ginshiƙanta uku ne: a lura, a saurara, a haɗa mutum da inda zai samu taimako. Kowace uwa na iya wannan. A bar yaro kusa da wanda ya saba da shi, ya kwana inda zai ji numfashin babba. A mayar masa da abubuwan da ya saba yi da wuri: lokacin abinci, makarantar allo, lakkwal, wasan dandali, tatsuniyar dare, ko da a cikin tanti ne. A faɗa masa gaskiya da kalmomin da zai ɗauka: Baba ya rasu, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a, mu kuma muna tare da kai. A faɗa masa ƙarara cewa ba laifinsa ba ne. In ya so ba da labari a saurare shi, ko sau goma ne. In bai so ba kada a tilasta shi, domin tilasta wa mai firgita ya tono abin da ya gani na iya cutar da shi. In ya jiƙa shimfiɗa a wanke a yi shiru. In hadari ya taso a jawo shi jiki, a nuna masa an gyara indararo, an share magudana, an san inda za a fake. A koya wa manyan yara kada su tsallaka ƙorama in ta kawo, a ba su ɗan aiki cikin gyaran gida, domin yaron da ya ga yana da abin yi tsoronsa na raguwa.

Akwai kuma lokacin da dole a tafi likita ba tare da jinkiri ba. In zazzaɓi ya haɗu da jijjiga ko fita hayyaci, wannan na iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wanda ke yawaita bayan ambaliya. A garzaya ƙaramin asibiti, wato CSI, a daren, kada a tsaya neman mai ruƙiyya. In alamomin firgita sun wuce wata ɗaya ba sauƙi, in yaro ya daina ci ko magana, in ya ambaci son mutuwa ko ya ji wa kansa ciwo, a kai shi a yi wa ma'aikacin lafiya bayani dalla-dalla, har da abin da ya gani a daren. In abin ya fi ƙarfin CSI, akwai asibitocin Ƙonni da Illela da Galmi, akwai babban asibitin Tawa. Ciwon firgitar yaro ba hauka ba ne, kuma kai shi asibiti ba tonon asirin gida ba ne.

Ga hukumomi kuma, daga magadan gari zuwa sarakuna da hakimai: likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu kuma suna Yamai, saboda haka jiran su zo Tajaye ko Bazaga ɓata lokaci ne. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan cututtuka su kula da su. A nemi a horar da namu, tare da ungozomomi da malaman makaranta da masu wayar da kai na ƙauyuka, tun kafin damina. Kwamitin da ke ƙidayar ɗakuna ya riƙa rubuta sunayen yaran da suka rasa wani ko gini ya danne, a bi sawunsu bayan wata ɗaya, bayan wata uku. A nema wa waɗanda ruwa ya kora matsuguni da ba aji ba, don makaranta ta buɗe a kan lokaci. Kuma in aji ya faɗi, kada rumfar kara ta zama ta dindindin, domin ba mu manta gobarar da ta cinye yara fiye da 20 a irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi cikin Nuwamba 2021 ba. Limamai su ɗauki batun a huɗubar Juma'a. Gidajen rediyon karkara su ba shi fili da harshen da kaka za ta gane.

Ya ku iyaye, wata daminar na tafe, kuma ba mu da ikon hana sama zubowa. Amma bulalar da ke hannunmu, da ƙaryar da ke bakinmu, da shirun da muke yi, duk muna da iko a kansu. 'Ya'ya amana ce, za a tambaye mu yadda muka riƙe ta, kuma "na ɗauka zai manta" ba amsa ba ce. Duk wanda ke da yaron da halinsa ya sauya tun bayan ruwa, ya kira shi yau, ya zaunar da shi kusa, ya tambaye shi abin da ke ba shi tsoro, ya kuma yi haƙurin jin amsar. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, ya ba mu damina mai albarka.